Surutun Kulle

Da sunan Wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓoye magana a ƙarƙashin harshe, ya bar wa bawa wahalar tono su duka biyun. Ku matso, ya ku masu guga da masu tulu, ku sauke kayanku ku ara mini kunnuwanku. Mata, kada ku ja baya, ku ne ma na fi so ku ji. Ni ne Nomau ɗan Shekarau, mahaƙin rijiya jikan mahaƙa, mutumin Zubali ta ƙasar Yarmasa, wanda ya tafi bangon duniya neman ma'anar kalma ɗaya, ya same ta, bai ji daɗinta ba.

Garinmu Zubali a kan tsandauri yake. Ruwanmu biyu ne kacal: tafki wanda ke ƙafewa idan bazara ta yi tsakiya, da rijiya ɗaya wadda muke kira Sittin, domin zurfinta gaba sittin ne cif. Duk bayan shekara biyu ko uku yashi kan toshe idonta, sai wani ya shiga ya yashe ta. Wannan shigar aikin gidanmu ne tun kaka tara, kuma da shi muke taƙama a gari.

Abu biyu muka gada tare da aikin. Na farko surkulle ne, wato 'yan kalmomin nan da ake raɗawa a kunnen mai shiga kafin ya taka bakin rijiya, kalmomin da ba mu san harshensu ba, ba mu kuma taɓa tambaya ba. A zaure ake koyar da su, a rufe ƙofa, a kori mata can ƙuryar gida, domin an ce idan mace ko baƙo ya ji, sun karye. Yau kam ga su, kowa ya ji: Razutawu finkafaƙa, tumutawu nauzasabi. Idan akwai wadda ta riga ta gane wani abu a cikinku, don Allah ta haɗiye shi tukuna, ta bar tsoho ya kai ƙarshe.

Na biyu wata 'yar fitilar kasko ce mai man kaɗanya, wadda aka naɗe gindinta da siririyar igiya dunƙule guda. Da rana tsaka ake kunna ta, a ajiye ta a bakin rijiya, ta yi ta ci har mai shiga ya fito. Idan igiyar ta ruɓe mukan tufka sabuwa, mu auna ta gaba sittin daidai da tsohuwar, mu sake naɗewa. Ina yaro na tambayi mahaifina amfanin igiyar, ya dungure mini ƙeya ya ce adon kakanni ne, girmama rijiya ne, ba a zura ta ko'ina. Ban sake tambaya ba.

A cikin kaka taran nan Sittin ta ci mutum goma daga gidanmu. Lafiya lau mutum zai sauka, sai a ji igiya ta yi nauyi, a kira shi shiru, a jawo gawa babu ko ƙwarzane. Kuma duk sanda haka ta faru, amsar gari ɗaya ce: mai raɗa surkulle ne ya karkace harshe. Na goma sha ɗaya yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na raɗa masa. Sunansa ba zan faɗa muku ba, za ku ji dalili a gaba.

Wallahi ban karkace ba. Amma wa zai yarda? Idan na shiga kasuwa sai hira ta mutu. Matar yayana ta daina amsa gaisuwata. Ni kaina, da na yi ta juya abin a raina, sai na fara shakka: ko na ja "sabi" ɗin fiye da kima, ko numfashina ya yanke a tsakiya? Ga shi rijiyar ba a yashe ta ba, kuma babu wanda zai sake yarda in raɗa masa komai. Wanda ya rage a gidan mai ƙarfin shiga shi ne ɗana Ilu, shi kaɗai Allah ya bar mini cikin biyar, bai fi shekara da auren matarsa Tsahare ba. Damina ta taimake mu a shekarar, tafki ya cika fal. Amma kowa ya san idan ya ƙafe, ƙofar Ilu mai gari zai buga.

Sai na yi shawara da zuciyata. Na ce maganar da ba ka san ma'anarta ba, ba ka da hanyar sanin ka faɗe ta daidai ko ka ɓata. Zan tafi in nemo asalinta, in ji ta daga tushe. Na kira Ilu zaure, na sa ya dafa kafaɗata ya yi mini alkawari ba zai taka bakin Sittin ba sai na dawo. Ya yi dariya irin tasa, ya ce in dai ban tsaya auren wata a hanya ba, zai jira. Ana cikin yankan gero na fita, da sanda da salka da 'yar jakar ƙuli-ƙuli da Tsahare ta miƙo mini daga bayan ƙofa, don kunyar suruki ba ta barinta ta haɗa ido da ni.

Na yi wata biyu ina bin masu surkulle ɗaya bayan ɗaya. Na je wa maƙera masu wasa da jan ƙarfe, na je wa masunta, na je wa masu kama maciji. Kowa yana da nasa, kowa yana rantsuwa da shi, babu wanda ya san abin da yake faɗa. Da na tambaye su ita kanta kalmar surkulle daga ina ta fito, sai su kalle ni kamar na tambayi wa ya haifi gishiri. Daga ƙarshe wani tsohon maharbi mai ido ɗaya ya ce kakansa ya gaya masa duk surkullen duniya daga Birnin Kulle ya taso, can gabas, bayan Dajin Ɓarayin Baki. Ya gargaɗe ni cewa tsuntsayen dajin nan ba hatsi suke ci ba, magana suke ci. Duk kalmar da ta fita daga bakin mutum a cikinsa, sun sure ta ke nan, ba za ta sake zama a kansa ba har abada.

Kwana biyar ake yi kafin a ratsa dajin. Itatuwansa dogaye ne, ba ganye, kuma kowane reshe cike yake da 'yan tsuntsaye masu launin toka, sun zuba wa bakina ido. Ba sa kuka irin na tsuntsaye. Abin da suka sata suke maimaitawa da muryar masu shi: wannan ya ce "wayyo ƙafata", wancan ya ce "Inna", wani can yana ta kiran sunan wata mace da muryar dattijo. Na dinga tafiya a cikin muryoyin mutanen da ba su nan, bakina gum.

A rana ta huɗu ruwan salkata ya ƙare, rana ta buga mini kai. Can gabana na hango mutum yana tafiya da igiya a kafaɗa, yana ɗan jan ƙafar hagu, tafiyar yayana sak. Kafin hankalina ya dawo na kwarma masa kira. Wani tsuntsu ya sauko fir, ya wuce ta gaban leɓena, ya koma reshe ya fara kiran sunan da muryata. Na ji shi sarai, amma kamar ana kiran baƙo. Mutumin kuwa kututture ne da kurangar daji ta naɗe. Tun daga ranar, ko an faɗa mini sunan yayana, kafin in ɗaga kai ya zube. Mutumin da ya goye ni, ya koya mini ɗaurin igiya, yau sai dai in ce "yayana". Na zauna a gindin kututturen na yi kuka ba sauti, don ko kukan ina tsoron su ɗauke.

Birnin Kulle babban birni ne, ganuwarsa baƙa, ƙofarsa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ban taɓa ganin gari mai yawan ilimi da yawan kaburbura irinsa ba. Kowace sana'a da surkullenta, kuma babu mai faɗa wa ɗan'uwansa magana a buɗe. Da idona na ga mai magani ya durƙusa yana zuba wa majinyaci kus-kus, ga tukwanen saiwoyi jere a bayansa an liƙe bakinsu da laka tun zamanin kakansa, ya ce ado ne. Na ga magina suna raɗa wa bango magana, bangon yana tsagewa a gabansu. Rabin gidajen birnin kango ne, amma mutanen suna tafe suna ɗaga hanci, wai su ne masu asiri.

Dokarsu ita ce duk baƙon da ya shigo sai ya ba da surkullen gidansu. Masu gadi suka kai ni gaban wani mai muƙami da suke kira Magajin Gora, wani ƙato mai ƙaramar murya, zaune a cikin rumfa wadda goruna dubbai ke rataye a rufinta. Idan ka faɗi magana a cikin gorar nan aka toshe, ta bar kanka ta koma ciki, sai wanda ya buɗe a kunnensa ya gaje ta. Suka kafa mini gora a baki, mai takobi yana tsaye a bayana.

To, ni da na yi wata uku a hanya saboda kalmomin nan, in zuba su a gora in koma gida da me? Sai na tuna na lura da wani abu tun shigowata: mutanen nan sun saba da jin abin da ba su gane ba, har sun daina neman ma'ana a cikin magana. Mahaifiyata tana da wata akuya mai cin zanen shanya, kuma akwai wani dogon zagi da take yi mata kullum, mai daɗin faɗa ƙwarai. Na runtse ido, na murtuke fuska, na haɗe zagin nan wuri ɗaya na zuba shi a gora da sauri, da rawar murya. Magajin Gora ya gyaɗa kai, ya ce daga ji wannan tsohon asiri ne. Na tsira da nawa. Amma zagin ya tafi, yanzu sanin da na yi kawai shi ne akwai shi, kuma shi ne abu na ƙarshe da nake iya ji da muryar mahaifiyata.

Na ɗauka shi ke nan za su sake ni. Ashe ba a sakin baƙo sai an gwada abin da ya kawo, kuma goruna da yawa suna gaban tawa. Suka zuba ni a wani ɗaki tare da wasu baƙi. Na roƙe su, na gaya musu akwai tafkin da ke ƙafewa, akwai ɗana da ke jira, na kama ƙafar mai gadi ina magiya, ko a jikinsa. Kwana arba'in na yi a ɗakin nan. Kowace safiya idan na buɗe ido, tafkin Zubali nake gani, ina auna inda bakin ruwan ya koma: yau ya bar gindin gawo, yau ya kai dutsen wanki. Na rame har zoben hannuna ya zame.

Ranar gwaji suka kai ni bakin wata rijiyarsu. Wani dogari ya buɗe gorata a kunnensa, ya raɗa wa kansa zagin akuyar mahaifiyata cikin ladabi da tsoro, ya sauka. Ya jima a ciki, ya fito da kwandon laka, lafiyarsa garau. Jama'a suka ɗauki sowa, aka rataye gorar a sahun manya. Ni kuwa na koma gefe ina tambayar kaina. Idan zagin akuya yana fito da mutum daga rijiya kamar yadda surkullen kakannina ke yi, to me muka yi kaka tara muna raɗawa? Kuma me ya kashe yayana?

Da suka sallame ni na tambayi Magajin Gora abin da ya kawo ni, wato ma'anar kalmar surkulle da asalinta. Fuskarsa ta canza, ya ce a birninsu tambayar ma'ana rashin kunya ce, ba a yi. Ya sa aka tura ni ta ƙofar baya, ya ce in gangara kwari wurin mahaukaciyar tsohuwar nan, ita ce mai irin wannan shirmen.

A ƙasan kwarin na sami wata 'yar bukka, da tsohuwar rijiya wadda igiya ta cinye duwatsun bakinta, da wata tsohuwa tana kaɗi a inuwa. Sunanta Kuluwa. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ba ni ruwa na sha na ƙoshi. Na ba ta labarina tun daga Sittin har ɗakin kwana arba'in. Da na zo kan fitila da igiyarta, sai ta ajiye mazarinta, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Kaico, ɗan nan. Har yanzu kuna tufka igiyar?"

Ta ce wannan rijiyar ita ce ta farko da hannun mutum ya haƙa, kuma ta ci wanda ya haƙa ta. Matarsa, wata mai suna Ladingo, ta rage da 'ya'ya maza uku waɗanda ba su da wata sana'a sai ta ubansu. Ita kuwa ta taɓa lura cewa wani lokaci idan ta zura fitila a ramin da take ajiye hatsi, wutar kan mutu ba tare da iska ba, kuma duk ranar da haka ta faru takan tarar da ɓeraye matattu a ƙasa. Sai ta gane akwai wani numfashi da ƙasa kan yi, wanda ba ya barin wuta, ba ya barin rai. Ta tara 'ya'yanta ta gaya musu magana biyu a buɗe, da harshen da kowa ke ji. Da maganar nan suka yi shekaru suna shiga rijiyoyi, ko ɗaya bai mutu ba, suka yi suna, suka yi dukiya.

Daga nan tsoro ya kama su, kada kowa ya ji ya zama mahaƙi. Suka matsa wa uwar ta kulle musu maganar. Ta ƙi, suka nace, ta gaji ta juya musu ita ciki-bai, ta ba su mabuɗin, ta ce duk wanda ya ba ɗansa kulle ya haɗa masa da mabuɗi a rana ɗaya. Mutane kuwa da suka dinga jin su suna kus-kus a bakin rijiya suka rasa ganewa, sai suka ce wannan surutun kulle ne. Baki ya yi ta tauna kalmar yana rage ta, surutun kulle, surun kulle, har ta zama surkulle. Maƙera da maharba da masu magani suka ga abin yana ƙara kwarjini, kowa ya kulle nasa. Wasu ma ba su da abin kullewa, amon kawai suka kwaikwaya. Haka ta faɗa mini, haka nake faɗa muku. Idan wani malami yana da nasa asalin, ba zan yi musu da shi ba.

Na tambaye ta ina mabuɗin ya tafi. Ta ce, "Wani uba ne ya ji daɗin ɗansa yana bukatarsa. Ya ba shi kulle, ya ce mabuɗi sai baɗi. Baɗin ba ta same shi ba."

Na ce ta buɗe mini nawa don girman Allah. Ta ce in leƙa rijiyar in faɗa mata da ƙarfi, kalma kalma, domin a bakin rijiyar aka yi kullen, kuma ita duk abin da aka ba ta a juye take mayarwa. Ban taɓa faɗin kalmomin nan da ƙarfi ba, balle a gaban mace. Na dafa dutsen, na ce razu, rijiya ta ce zura. Na ce tawu, ta ce wuta. Na ce finka, ta ce kafin. Na ce faƙa, ta ce ƙafa. Na ƙarasa sauran, ita ma ta ƙarasa.

Zura wuta kafin ƙafa. Mutu wuta, zauna bisa.

Harshenmu ne. Harshen da nake sayen goro da shi. Kaka tara muna kunna fitila muna ajiye ta a bakin rijiya da igiyarta gaba sittin a naɗe, muna raɗa wa mutum a kunne cewa a zura ta kafin ya sauka, sannan mu zura shi. Ban karkace harshe ba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗanda aka zarga kafina da ya karkace. Na zauna daɓas a ƙasa. Kuluwa ta ce idan wutar ta mutu, a bar rijiyar a buɗe, a ɗaura rassa masu ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta sauya, a sake gwadawa. Sannan ta tura mini sandata da ƙafa, ta ce in tashi, ba ni da lokacin kuka.

Ban san yadda na yi tafiyar komawa ba. A bakin Dajin Ɓarayin Baki na yage hannun rigata na cusa a bakina, na ɗaure ta baya, kada ko da magagi wata kalma ta kuɓuce. Kwana uku na ratsa shi maimakon biyar. Takalmana suka mutu, na ci gaba da ƙafa. Duk garin da na wuce bazara ta riga ni, rafuka sun zama yashi. Ina tafe ina cewa a raina Ilu ya yi alkawari, Ilu ba ya saɓawa.

Da hantsi na shigo Zubali. Tafki ya tsattsage, har ciyawa ta bushe a tsakiyarsa. Mutanen da na gamu da su suka dinga sunkuyar da kai suna ba ni hanya, babu wanda ya ce sannu da zuwa. A ƙofar gidanmu na ga tabarmin zaman makoki a jingine, ba a riga an mayar wa masu su ba.

Kwana tara na makara. Ɗana bai yi gaggawa ba, kada wani ya ce ya yi. Kwana ashirin ya riƙe alkawarina bayan tafki ya ƙafe, mutane suna tace laka da zane suna sha, har aka binne jarirai biyu. Sau uku mai gari yana zuwa ƙofarsa da kansa. A na ukun ya ɗauki igiya. Shi ya kunna fitilar da hannunsa, ya ajiye ta a bakin rijiya, shi ya raɗa wa kansa surkullen tunda babu wani, ya sauka. Gari kuwa har sun gama yanke hukunci, wai karkataccen harshe gadon gidan Nomau ne.

Na shiga tsakar gida na zauna a kan turmi. Matan gida da na maƙwabta suna nan, Tsahare tana cikin ɗakinta tana takaba, labule a sake. Zuciyata ta cika, na ce yau zan fasa abin nan kowa ya ji. Na ɗaga murya na faɗi surkullen gidanmu a gaban mata, a hankali, yadda na faɗa wa rijiyar Kuluwa. Na ja numfashi zan fara bayani.

Kafin in buɗe baki murya ta fito daga bayan labule, a dushe, ta ce, "Zura wuta kafin ƙafa. Mutu wuta, zauna bisa."

Na miƙe tsaye. Na tambaya wa ya gaya mata. Ta ɗaga labulen ta fito, yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta tsaya a gabana tana kallona.

Ta ce, "Baba, ai zaurance ne. Juya kalma ne kawai. Da shi muke gulma a bakin turmi tun muna 'yan mata, don kada maza su ji." Wata tsohuwa a cikin sauran matan tana motsa leɓe tana juyawa, ta kai ƙarshe ta dafe kai.

Tsahare ta ce, "Tun ranar da kuka tafi, kullum da safe yana zaure yana bitarsa, don kada ya yi kuskure. Ni nake kai masa koko. Da ya ji tafiyata sai ya yi shiru har in ajiye in juya. Sau ɗaya na tsaya a jikin ƙofa, ya ce in koma ciki kada in karya masa." Sannan ta ce, "Baba, me ya hana ku faɗa a gabanmu?"

Na ratsa dajin da ke cin magana, na yaudari Magajin Gora a rumfarsa, na sha ruwan rijiyar farko, amma ban sami abin da zan ce wa yarinyar nan ba.

Washegari na tara gari a bakin Sittin, maza da mata. Na kunna fitilar, na kwance igiyarta a karo na farko, na zura ta. Tana ci, tana ci, tana ƙanƙancewa a ido, a gaba talatin da takwas ta mutu kamar an hure ta. Kwana uku muna zura rassa muna jawowa, mata ne suka fi kowa ja. A na huɗu wutar ta kai ƙasa da ranta, na ɗaura igiya a ƙuguna na sauka. A can na tarar da dagin Ilu kwance a kan yashi, ko sara ɗaya bai samu ya yi da shi ba. Da shi na buɗe idon rijiyar, ruwa ya taso ya kama mini idon sawu.

Tun daga shekarar ban zauna a gida ba. Rijiya rijiya nake bi, duk inda na ga taro in tsaya in faɗi wannan da ƙarfi, kamar yadda na tsaya a taku yau. Wasu sukan ce tsohon ya taɓu, wasu sukan roƙe ni in raɗa musu shi a kunne don ya fi kama. Nan hikayata ta tsaya, ya ku masu guga da masu tulu; abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da tsuntsu ya ɗauke ba ni da ikon mayarwa. Tsahare tana nan da rai a Zubali, duk shekara nakan koma in gaishe ta, takan kawo mini ruwa ta durƙusa ta ajiye. Ba ta sake yi mini tambayar ba, ni kuma har yau ban amsa ba.